Laifin Ba na Hannun Riga Ba Ne

Ranar ashirin da uku ga azumin bara, wajen ƙarfe biyu na dare, na miƙa hannu zan sauko da bandir ɗin shadda daga kantar sama. Hannun bai kai ba. Yana zuwa daidai tsayin kafaɗa sai na ji kamar an caka mini basilla a saman damtse, ta gefen waje. Na yi wata ƙara da ni kaina ban san ina da irinta ba, har yaron da ke guga ya saki dutsen.

"Maigida, lafiya? Kunama ce?"

Na ce ba kunama ba ce, ya taka benci ya sauko mini da shaddar. Na koma kan keke, don akwai sauran riguna 14 da na yi wa mutane alkawari kafin Sallah, kuma tela ba ya ciwo a goman ƙarshe. Ko ya yi, babu mai yarda.

Shekarata 27 a kan keken ɗinki, 19 daga ciki a wannan shago nawa da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Duk tsawon shekarun nan zama iri ɗaya nake yi. Kai a sunkuye, ido a kan allura, kafaɗu sun karkato gaba kamar na wanda hunturu ya kama a kan mashin, hannu biyu suna tura yadi. A watan azumi kuwa, daga an idar da asham ba na tashi sai mai gangar sahur ya wuce.

Ciwon ya ƙi tafiya. Kwanciya a gefen dama ta gagara, da na juya cikin barci sai na farka. Sa kaftani ya zama aiki, sai na fara zura hannun dama a hankali kamar mai lallashin jariri. Cuɗa baya da soso kuwa na haƙura da shi. Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne ranar Sallah a filin Idi. Na sa babbar rigar da na ɗinka wa kaina, na zo zan wurga hannun dama a kafaɗa yadda kowane dattijo ke yi ba tare da ya ko lura ba, sai hannun ya tsaya a hanya. Ɗana ne ya naɗe mini shi. Tela guda, a gaban mutanen da rabinsu ni na ɗinka wa rigunan da ke jikinsu.

Wani abu kuma ya ɗaure mini kai. Idan hannun yana ƙasa, lafiya lau. Idan na sa hannun hagu na tura shi har can sama gefen kunne, zafin sai ya ragu. A tsakiya kawai yake kamawa, daga ya ɗan rabu da jiki zuwa ya ɗan wuce tsayin kafaɗa. Da na faɗa wa maƙwabcina haka sai ya yi ƙasa da murya ya ce ciwon da ke zaɓen wuri ba na asibiti ba ne, in bincika abokan sana'a.

Ban bincika kowa ba, amma na yi abin da kowa ke yi. Na je kemis aka haɗa mini ƙwayoyin kashe zafi da man zafi. Na je wurin wanzami ya kafa mini ƙaho uku a kan kafaɗar, jini ya fita baƙi ƙirin, na ji daɗi kwana biyu. Na je wurin mai ɗori, kuma shi na fi gode wa, don ya lalluba ya ce, "Malam, babu karaya, babu gocewa, babu targaɗe. Wannan ba aikina ba ne." Bai karɓi ko sisi ba. Ƙwayoyin kuma suka fara ƙona mini ciki. Wata safiya uwargida ta ga ina haɗiyar biyu kafin in karya, ta ce, "Malam, maganin nan zai huda maka ciki kafin ya gyara maka kafaɗa." Gaskiya ta faɗa, don irin waɗannan ƙwayoyi suna jawo gyambon ciki, kuma suna taɓa ƙoda idan aka daɗe a kansu. Sati uku bayan Sallah na yanki kati a asibiti.

An ɗauki hoto, ƙashi bai nuna komai ba. An auna suga, lafiya. Likitan ya ce dalilin aunawar shi ne masu ciwon suga sun fi kamuwa da wani ciwon kafaɗa na daban, wanda gaɓar ke sandarewa gaba ɗaya, ko wani ne ya ɗaga maka hannun ba zai tafi ba. Ya tambaye ni ko na taɓa faɗuwa a kan hannun, don faɗuwa kan yaga jijiya. Ya tambaya ko yatsuna suna mutuwa, don wannan daga wuya yake saukowa. Ya tambaya ko ina jin nauyi a ƙirji da gumi, don ciwon zuciya kan fito ta kafaɗa, musamman ta hagu, kuma shi ba a kwana da shi a gida. Duk na ce a'a. Sai ya tura ni sashen gashi.

Likitan gashin yaro ne, bai fi sa'an ɗana na fari ba. Ya ce in tuɓe riga, sai ya zagaya ya tsaya a bayana. Na jira, na jira, bai zo wajen kafaɗar ba.

"Likita, ciwon a nan yake fa."

"Na ji, Baba. Zauna mini yadda kake zama a kan keke."

Na zauna na ranƙwafa. Ya ce in ɗaga hannu gaba. Ya tafi kaɗan, basillar ta cake ni. Sai ya sa tafin hannunsa a tsakiyar bayana, tsakanin allunan kafaɗa, ya tura a hankali har ƙirjina ya taso, ya ce in sake. Hannun ya ƙara sama da kusan taƙi guda kafin in ji zafi. Kafaɗa ɗaya ce, minti ɗaya bai wuce ba, ba a shafa mata komai ba.

Daga nan ya kwantar da ni rigingine a kan gado, gwiwoyi a lanƙwashe, ya ce in manna kwankwasona da katifar, in kai hannu biyu can bayan kai har su taɓa gadon. Ko na hagu mai lafiya bai taɓa ba. Da na matsa masa sai kwankwason ya ɗago, har likitan ya zura hannunsa ta ƙarƙashi ya fito ta ɗaya gefen. Ya ce, "Ka gani, Baba? Hannun ya nemi tsawo bai samu ba, sai ya je ya ciwo bashi a ƙugu."

A nan ne na yi shiru, don wannan magana na san ta tun ina ɗan koyo. Mutum zai dawo da kaftani ya ce hannun ya matse shi, ba ya iya miƙa hannu gaba. Yaron shago zai ɗauki almakashi ya nufi hannun rigar. Ni kuwa sai in juya rigar in sa tef a faɗin baya, daga hammata zuwa hammata. Sau tara cikin goma a nan inci ɗaya ya ɓace. Maigidana da ya koya mini ɗinki, Allah ya jiƙansa, ya kan ce hannun riga a baya yake aron yadi. Ka buɗa hannun yadda kake so, muddin bayan ya ɗame, mai riga ba zai sake ba. Shekara 27 ina faɗa wa yara wannan a kan shadda, ban taɓa kawowa a raina cewa haka aka ɗinka mutum ba. Wata guda na bar jaki ina dukan taiki.

Ga yadda na fahimci abin, daga bakinsa da kuma abin da 'yata mai karatun aikin jinya ta nuna mini a littafinta daga baya.

A saman kafaɗa akwai wani ƙashi da ya fito daga allon kafaɗa ya yi wa gaɓar rumfa. A ƙarƙashin rumfar kan ƙashin damtse yake, mulmulalle. Tazarar da ke tsakaninsu wajen santimita ɗaya ce, ba ta kai rabin inci ba a tef ɗina. A cikin wannan 'yar kafa wata jijiyar tsoka take bi, tare da wata 'yar jaka mai ruwa-ruwa da ke hana goguwa. Tsokoki huɗu ne suke riƙe da kan ƙashin a mazauninsa, kuma ta saman ita ce mai bi ta ƙarƙashin rumfa, ita ce mai shan wuya. Daga gefen cinya zuwa gefen kunne hannu yana tafiyar digiri 180, kuma tsakanin 60 da 120 ne wurin da irin ciwona ke kamawa. Ashe zaɓen wurin da maƙwabcina ya ji wa tsoro shi ne ma alamar da likitoci ke gane ciwon da ita.

Cikin digiri 180 ɗin nan, gaɓar kafaɗa ita kaɗai wajen 120 take bayarwa. Sauran 60 allon kafaɗa ne yake bayarwa, yana zamewa a kan haƙarƙari yana juyawa, yana ɗage rumfar don ƙashin damtse ya samu hanya. Shi allon babu gaɓar da ta haɗa shi da ƙashin baya, tsokoki ne suka rataye shi a kan haƙarƙari. To idan gadon baya ya ranƙwafa ya sandare a haka, allon sai ya kifo gaba, rumfar ta sauko. Dalilin da ya sa tafin hannu ɗaya a tsakiyar bayana ya ƙara mini taƙi ke nan.

Sai kuma babbar magana, wadda ita ce faɗin bayan rigar. Akwai wata tsoka da ta fi kowace faɗi a bayan mutum, likitoci na ce mata latisimas. Ta taso daga ƙasusuwa shida na ƙasa cikin 12 na gadon baya, da haƙarƙarin ƙasa, da bakin ƙashin ƙugu, da kuma wani farin tantani mai kauri da ya shimfiɗe daga tsakiyar baya har kwankwaso. Daga wannan faɗi sai ta tattaro ta ƙanƙance, ta bi ta bayan hammata, ta murɗa ta kama ƙashin damtse. Aikinta janyo hannu ƙasa da baya da murɗa shi ciki, wato ita ce mai jan guga daga rijiya. Shi kuma hannu, kafin ya hau sama lafiya, dole wannan tsoka ta saki tsawo, kuma dole ƙashin damtse ya juya waje don wani ƙululu da ke kansa ya kauce wa rumfa. Idan tsokar da tantanin da take kafe a kai sun ɗame, hannu zai hau yana murɗe ciki, ana jan sa ƙasa ta hammata, ko kuma kwankwaso ya gantsare ya biya bashin. Wato zare ɗaya ne tun daga ƙugu har damtse. Tantanin ma bai tsaya nan ba, ya tsallaka ya haɗu da tsokar ɗuwawu ta ɗaya gefen.

Tantanin nan hawa-hawa ne, kuma kowane hawa yana zamewa a kan ɗan'uwansa, da wani ruwa mai yauƙi a tsakani kamar man keke. 'Yata ta karanta mini wani nazari na 2011 da wata likita mai suna Helene Langevin ta jagoranta a Jami'ar Vermont ta Amurka. Sun duba tantanin bayan mutum 121 da na'urar hoton ciki, suka ga cewa a jikin masu daɗaɗɗen ciwon baya zamewar ta ragu da wajen kashi 20 cikin ɗari. A kan ciwon baya aka yi nazarin, amma ni da na ji sai na tuna shafin riga. Idan ba ka jiƙa shafi ba kafin ka ɗinka, wanki ɗaya zai sa ya ƙanƙance, sai ka ga shaddar waje tana tattarewa alhali ita ba abin da ya same ta.

Da na fara murna na samu mai laifi guda, likitan ya tare ni. "Baba, ban ce tantani ne kaɗai ba. Jijiyar kanta ta gaji. Shekaru sun yi nasu, sannan ka ɗora mata aikin wata uku a cikin sati uku, ba barci. Bayan shi ne abin da ya ƙuntata mata hanya. Dole mu gyara biyun." Wannan ya sa na yarda da shi. Mai magani ɗaya na cuta ɗari na riga na gan shi da lasifika a bakin kasuwa.

Na tambaye shi maganar aiki, don wani Alhaji da nake wa ɗinki ya ce mini a ƙasar waje kankare ƙashin suke yi a huta. Ya ce haka ne, akwai wannan aiki. Wani likitan ƙashi na Amurka, Charles Neer, shi ya bayyana ciwon a 1972 a matsayin matsewar jijiya a ƙarƙashin rumfa, ya kuma kawo dabarar kankare ƙasan rumfar don a ƙara fili. An yi shekaru ana yi wa mutane birjik. Sai a 2018 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Birtaniya a kan mutum 313. Wasu an kankare musu, wasu an zura musu kyamara kawai an duba an rufe ba tare da sun san ba a kankare ba, wasu ba a yi musu komai ba. Waɗanda aka kankare wa ba su fi waɗanda aka leƙa kawai samun sauƙi ba. A shekarar kuma wani gwajin a Finland ya fito da irin wannan sakamako. Tun daga nan likitoci da yawa suka daina ɗora wa ƙashin laifi, suka mayar da motsa jiki matakin farko. Na ce a raina, ashe su ma sun daɗe suna buɗa hannun riga.

Abin da ya ba ni babu na saye a ciki. In naɗe darduma ta yi kauri, in sa ta gicciye a ƙarƙashin allunan kafaɗa, in kwanta a kai hannu a ƙeya, in bar ƙirji ya buɗe. In durƙusa gaban benci, in ɗora gwiwoyin hannu a kai, in ja ɗuwawu baya zuwa dundunniya har in ji ja daga hammata zuwa ƙugu, ba tare da na gantsare ba, in riƙe daƙiƙa 30. In kwanta a gefe, gwiwoyi a haɗe, in buɗe hannun sama zuwa baya kamar mai buɗe ƙyaure. Sai na jijiyar: in ɗaure robar tayar mashin a ƙarfen taga, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, in riƙa jan ta waje a hankali. Ya ce ɗan zafi ba laifi, amma idan ya kwana ya wuni to na zarce. Ya ce in ba shi sati 12.

Sati 12! Na ƙaho kwana biyu ne.

Sati biyun farko ban ga komai ba sai kunya. A shago nake yin na bencin, bayan azahar. Rannan mai shayin da ke gefenmu ya leƙo ya gan ni durƙushe, kai tsakanin hannuwa, ina fuskantar kudu. Ya tsaya ya kalle ni ya ce, "Malam, alƙibla dai gabas take, ko an canza ba mu ji ba?" Har yau idan ya ga na tashi daga keke sai ya ce an kira sallar benci. A sati na huɗu na farka da asuba na tarar a gefen dama nake kwance. Ban motsa ba, na daɗe a haka ina jin daɗin abin. A na biyar aka kawo ɗinkin biki, na yi kwana uku ban taɓa darduma ko roba ba, ciwon ya dawo ya gaishe ni. Na koma da kaina, ba wanda ya aike ni.

Da Babbar Sallah ta zo ina cikin sati na bakwai. Bayan an yanka rago, mahaucin da ke mana fiɗa duk shekara ya rataye shi ya zare fatar. Na saba in tsaya daga nesa ina jiran hanta, amma ranar na matso har ina tare masa haske. A gadon bayan ragon, daga tsakiya zuwa ƙugu, ga shi nan: fari, mai sheƙi kamar sabuwar shadda, zarurrukansa suna gicciye da juna. Daga gefensa jan nama mai faɗi ya taso ya nufi ƙafar gaba.

"Sarkin fawa, don Allah ja mini ƙafar gaban nan."

"Mi za ka gani, Malam?"

"Kai dai ja."

Ya kama ƙafar ya ja ta wajen kai. Na ɗora yatsa a kan tantanin, can kusa da ƙugu, nesa da inda yake ja, na ji ya ɗame a ƙarƙashin yatsana kamar fatar ganga. Ya saki ƙafar, tantanin ma ya saki. Na sa shi ya maimaita har sau uku. Na gwada tsinka shi da hannu ya ƙi, sai da wuƙa. Mahaucin ya ce shi abin da ya sani game da shi kawai, masu kilishi ba sa son sa, sai sun feɗe shi tas. Uwargida daga bakin madafa ta ce idan an gama karatun likita a miƙo mata kayan ciki.

Yanzu hannun yana kaiwa kantar sama. Bai kai na hagu sakewa ba, kuma idan hunturu ya sauko ko na yi dogon zama yakan yi mini tuni. Ɗana ya so ya kira kafinta a sauko da kantar, na hana. Abin da na yarda aka canza shi ne kujera, an ƙara mata tsawo, an kuma matso da fitila kusa da allura don in rage sunkuyo. Na sa waya tana ƙara duk minti 40, in tashi in miƙe ko da ina tsakiyar wuyan riga.

Azumi ya sake matsowa. Bana riguna 20 na karɓa, na mayar da sauran, har wani tsohon abokin ciniki ya yi fushi ya kwashe yadinsa. Yaron nan mai guga ya hau keke yanzu, shekararsa 19, kuma jiya na tsaya a bayansa na ga kafaɗunsa sun fara karkatowa gaba. Na sa shi ya kwanta a tabarma ya kai hannu bayan kai. Nasa sun taɓa ƙasa, kwankwaso a manne. Duk da haka na naɗe masa darduma na ce kullum bayan azahar. Yana yi, in dai ina shagon.